Saƙon da Ya Jira Kwana Goma Sha Tara

Baba Agogo kowa ke kiransa a layin, don shekara talatin ya yi yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa daura da laburare. Da wayar hannu ta kashe kasuwar, rumfar ta koma wurin shan inuwa. Matarsa ta rasu da daɗewa, ta bar masa ɗa guda, wanda ake ce wa Auta ko da yake shi ne na farin ma.

Auta ya tafi neman aiki wata ƙasa mai nisa. Kafin ya tafi ya buɗe wa uban imel, ya koya masa dubawa a kwamfutar laburare, tunda kyauta ce. Shekara biyu saƙo na zuwa, sai ya ɗauke ɗif. Lambar wayarsa ma ta daina shiga.

Baba bai fasa zuwa ba. Kullum da hantsi yana gaban kwamfutar da ke ƙarƙashin fanka, yana danna haruffa da yatsa ɗaya. In ya tashi sai ya ce wa ma'aikaciyar wurin, "'Yata, yau ma masu talla ne kaɗai suka tuna da ni."

Ana nan sai ƙungiyar da ke biyan kuɗin intanet ta janye hannunta. Aka manna takarda a ƙofa: daga yanzu kowane rabin awa da kuɗinsa.

"Shigo, Baba, ni zan biya maka," in ji ma'aikaciyar.

"Ke da marayu huɗu a gabanki? Allah ya sawwaƙe in ci abincin bakinsu."

Zuwan kullum ya koma na mako-mako, daga baya sai ranar da aka kawo gyara. Akwai lokacin da ya yi kusan mako uku ko batir bai canja wa kowa ba. Ranar da wani direba ya kawo agogo, ko rumfa bai rufe ba ya tsallaka titi.

Ya tarar da saƙo daga wani da bai sani ba. "Baba, ni abokin ɗakin Auta ne. Yana asibiti, jiki ya yi tsanani. Wannan adireshin kaɗai ya iya tunawa. Yana son jin muryarka." Ga lamba a ƙasa. Kwanan saƙon goma sha tara da shigowa.

Ma'aikaciyar ta kira da wayarta, ta miƙa masa. Muryar can ta yi masa ta'aziyya, ta ce kwana shida ke nan da binnewa. "Kullum sai ya ce in duba ko ka amsa."

Baba ya mayar mata da wayar da hannu biyu, ya yi godiya. Ta tsuguna gefensa tana kuka, shi ke ba ta haƙuri.

Bayan wata guda ƙanwarsa ta zo ta tafi da shi wurinta. Kayan aikinsa ya raba wa maƙwabta, bai ɗauki ko ɗaya ba.