Inda Auta Ya Kafa Injin Nono

Shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Konni, autana ya dawo daga Yamai da takardar lakwal, wato makarantar boko, da wani aboki mai yawan magana. Sunka ce za su kafa wurin yin yawur, nonon nan mai sanyi da ake ƙullawa a leda, kuma da madarar shanu ta gaskiya za su yi, ba ta gari ba. Na yi murna, amma ba don nonon ba. 'Ya'yana maza uku hanya ta ɗauke su, ɗaya Legas, biyu Kwatano, sai dai saƙon gaisuwa. Shi kaɗai ya rage mini, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa in abin bai kama ba, shi ma kudu za shi.

Na ce ga kangon ubansa nan jikin gidanmu, ya gyara ya sa injinsa. Abokin ya yi dariya har da dukan cinya.

"Inna, nan wa zai gan mu? Sabon abu bakin kwalta ake kafa shi. Can wutar kuran ba ta yawan ɗaukewa, can masu tarho suke, da mai ruwan leda, da mai hoton takardu. Ma'aikata duk can suke bi."

Na ce, "Shanun ma can suke bi?"

Auta ya ce, "Haba Inna."

Na ci gaba da aikina. Wanda bai shiga lakwal ba, maganarsa tatsuniya ce a kunnen yaran yanzu.

Sunka kama ɗaki a bakin kwalta, sunka sa ƙyaure na ƙarfe da mai gadi, anka zana wata saniya mai ƙaton hantsa a bango. Bayan sati uku na tafi da ƙafata in gani. Na tarar da maza biyar a ƙofa suna shan shayi, firigo biyu suna gurnani, ba komai cikinsu sai ruwa. Saniyar bangon nan ita kaɗai ce saniya a wurin, ita kuwa ba a tatsarta.

Ni na san dalili tun kafin su sayi ƙusa ɗaya. Fulani masu nono ta hanyar Bazaga suke shigowa gari, gidana ne na farko da suke tararwa. Shekara da shekaru a zaurena suke sauke ƙwarya, su sha ruwa, su huta, in ba su dusar da na tara wa shanunsu. Daga nan su bi lungu-lungu, kafin su kai tsakiyar gari ƙwarya ta ƙare. Wa za ta ratsa Konni cikin rana da madara a kai, ta je ta tsallake ƙafafun maza masu shayi?

Na tambayi babbarsu, wata tsohuwa da munka daɗe tare, ko ta san wurin ɗana.

"Na je sau ɗaya," in ji ta. "Ɗan Kaɗon naki ya tsoma wani gilashi cikin ƙwaryata, wai yana duba ko na sa ruwa. Ni! Sannan wai madara yake so, ɗanya, ba nono ba. In na ba shi madara, man shanun fa, a ina zan kaɗa shi? A kansa?"

Ban faɗa wa Auta ba. Na ce bari ya ɗanɗana, tunda shi da abokinsa sun fi kowa sani. Sai da maƙwabciyata, wadda mijinta ke aiki a tasha, ta leƙo ta kan danga ta ce an ga Auta yana tambayar ranar da motar Kwatano ke tashi. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Da safe na yafa zane na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, na ce duk mai surfe ta ajiye mini dusarta, kada ta zuba wa akuya. Da Fulanin sunka sauka na zaunar da su, munka yi ta ja har hantsi. Sunka yarda kowace ta kawo rabin tatsar safe ɗanya, rabin ta bar wa manta. Awo da ludayi, kamar yadda aka saba, ba da gwangwanin lita ba. Dusa tana nan kullum. Gilashi kuwa kada ya kusanci ƙwaryar kowa, ni zan ɗanɗana da harshena.

Na aika aka kira Auta. Ya tsaya ƙofar zaure yana kallon ƙwarya tara a jere.

Tsohuwar ta ce, "Kai ne mai gilashi? Gaida iyayenka mana."

Ya durƙusa ya gaishe su. Na ce ya je ya kawo jarkokinsa, kuma ya wanke su da ruwan zafi, don na ga yadda suke.

Bai tafi Kwatano ba. Injin kuma bai motsa daga bakin kwalta ba, wai saboda wutar kuran. Kowace safiya sai ya zo da babur ya kwashi madara ya ratsa gari da gudu kafin ta juya, ni kuwa gidana ya koma kasuwa, ga ƙuda, ga buhunan dusa har ɗakin kwanana, ga gardamar ludayi tun ban gama lazimi ba. Wata rana wasu ma'aikata sunka zo daga Tawa ganin wurin, ya kawo su su gaishe ni. Ina ji da kunnena abokin yana gaya musu wai sirrin nasararsu shi ne sun iya zaɓen wuri. Na dubi Auta, ya dubi ƙasa. Na ce ya ɗauke jarkokinsa daga hanya, baƙi za su wuce.