Amayi Nachisale, wadda ba ta karyawa ranar tiyata

Ƙarfe shida da rabi na safe Esnart Nachisale, wadda muke kira Amayi, wato Mama, take sauka daga bas ɗin unguwar Ndirande a ƙofar asibitinmu. Ta ɗora farar riga a kan zaninta, ta bi gadajen ɗakin yara tana girgiza ƙarfen gefe ta ji ko ya kamu, sannan ta ja kujerar katako ta zauna kusa da yaron da aka ce kada a ɗauke ido daga kansa: mai farfaɗiya, ko mai fizge robar ƙarin ruwa. Ba ta yin allura, ba ta rubuta magani. Marasa sani cewa suke ana biyanta ne ta zauna. Shekara talatin da ɗaya tana wannan zaman, jiya Juma'a ta yi ritaya, kuma mu ma'aikatan jinya tun yanzu mun fara kewarta.

Mun tuna zamanin da iyaye mata ke girki da itace a gindin mangwaron bayan asibiti, hayaƙi na shigowa ta taga. A lokacin ne aka kwantar da Tadala, ɗan shekara huɗu, za a yi masa tiyatar ƙaba. Kakarsa ce, Agogo kamar yadda muke kiran kakanni a nan, ta kawo shi daga wani ƙauye a yankin Thyolo. An ja mata kunne kada ya ci komai, domin yaron da aka sa barci da abinci a ciki yana iya amai ya shaƙe, shi ke nan.

An fara tura gadonsa ke nan, Esnart ta sunkuya ta gyara masa bargo, sai ta tsaya cak.

"Agogo, me kuka ba maigidan nan naku?"

"Ni? Ko ruwa bai sha ba, 'yata."

"To ƙamshin gyaɗan nan fa? Ko ni hancina ne ya tsufa?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai. "Cokali uku ne kacal na kunu. A gidanmu ko baƙo ba a sallama da yunwa. Jikana za ni miƙa wa masu wuƙa cikinsa wayam? In bai dawo ba fa?"

Esnart ta sha gaban gadon. Likita Kalua ya leƙo a fusace, ga mutane bakwai na jiransa.

"Amayi, yaushe kika zama likita?"

"Ban zama ba, Dokta. Amma yaron nan ya sha kunu."

Aka ɗage tiyata zuwa gobe. Wasunmu, kunya ce a faɗa, muka yi wa tsohuwar ca, har ta fara ƙulle kayanta za ta tafi da yaron gida da ciwonsa. Esnart ce ta riƙe ƙullin.

"Agogo, ku zauna. Gobe ni ma ba zan sa komai a bakina ba sai ya fito. Mu uku za mu yi yunwar, mu ga wanda zai fara kuka."

Haka aka yi. Washegari suka zauna a benci, cikin kowacce na ƙugi, suna tsokanar juna. Da la'asar Tadala ya farka lafiya lau. Abin da ya fara tambaya shi ne kunu, tsohuwa kuwa dariya take tana share hawaye.

Tun daga ranar, Amayi, ba ki ƙara karyawa ba duk safiyar da yaron da kike gadi zai shiga tiyata. Ke ce kika gane cewa ba taurin kai ke sa kakanni ɓoye kunu a zani ba, tsoro ne da ƙauna. Mu muna karanta musu doka, ke kuwa kina zama ki ji yunwar tare da su. Ke ce idon ɗakin yara, ba wanda ya san yawan yaran da suka koma gida saboda ke.

Mun gode, Amayi. Allah ya ba ki hutawa mai daɗi, ki sha shayinki da zafinsa.

Ku kuma sabbin shiga, kada ku raina aikin zama a bakin gado. Ranar Litinin yara uku ne za su shiga tiyata, kowanne da kakarsa. Ya kamata wani a cikinmu ya zo ranar bai karya ba.