Buhun Gyadar Baffa

Da ƙarfe takwas na safiyar Litinin, ni da mai unguwa da iyayen yara muka buɗe sabon ajin ƙanana a Tudun Kaya. Ƙamshin gyadar da ake soyawa a maƙwabta ya tuno mini da marigayi Baffa.

Duk kaka yakan ware buhu guda, ladan malamar da ke koyar da 'yan shekara huɗu a zaurensa. Na taɓa ce masa, "Baffa, waɗannan ko wando ba su iya ɗaurawa ba."

Ya ce, "Ɗana, gonar da ta rasa noman farko, maimai ba ya cetonta."

Yau ɗaya daga cikin yaran zauren ita ce malamar ajin, wata kuma ita ke karɓar haihuwar matanmu.

Allah ya haskaka kabarinsa. Mai karatu, ka ware naka buhun a kakar bana.