Ranar da Inna Ba Ta Daina Daka Ba

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka al'adarmu take a Illela. Uwa tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi sai wata ta ɗaga shi. "Kai, wancan," shi ne abin da Inna take ce mini. Yaron da ya girma a gida yakan gane wannan a hankali. Ni ban girma a gida ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba. Iyakar da suka ja tsakaninmu da Konni ma ba ta hana jakunan Baba wucewa da gishiri ba. Sai aka aiko wa mai gari ya ba da ɗa ɗaya a kai makarantar kwana a Sakkwato. Bai yarda ya ba da nasa ba, don kowa ya ɗauka wanda ya shiga can ya bar salla ke nan. Baba kuwa yaronsa ne, ba shi da bakin musu. Aka ce ni za a kai.

Da hantsi dogari ya zo. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ƙanƙame ni tana kuka.

"Ɗan nan ko haƙoransa ba su gama fitowa ba! Mi ya yi muku?"

"Sake shi, baiwar Allah, rana na yi," in ji dogari. "Can shinkafa zai ci, ya dawo ya fi ki ƙiba."

Inna tana tsakar gida tana dakan gero, ta ba mu baya. Na jira ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba. Har aka ɗora ni kan jaki, har muka fita gari, ina jin ƙarar taɓaryarta, ba ta ko sassauta ba.

A makaranta aka aske mu, aka karɓe rigunanmu da layunmu aka ƙone, aka ce da ƙwarƙwata. Ƙararrawa ce ke tashe mu, ita ke ba mu abinci, ita ke kwantar da mu. Salla dai ba a hana mu ba. Amma wanda ya yi kuka, bulala. Wanda ya jiƙa tabarma, a ɗora masa ita a ka ya tsaya cikin rana kowa na gani. Na sha tsayawa. Wani yaro daga Tozai, abokin tabarmata, zazzaɓi ya kashe shi. Aka binne shi tun iyayensa ba su ji ba, washegari aka buga ƙararrawa kamar kullum.

In mun samu sarari, yara sukan yi ta ba da labarin ranar da aka rabo su da gida. Wannan ya ce uwarsa ta suma, wancan ya ce tasa ta bi su har bakin rafi.

"Kai ɗan Illela, taka fa?"

"Daka take yi."

"Daka? To gero ya fi ka daraja ke nan!"

Aka yi dariya. Ni kuwa na riƙe maganar. Babu babba a kusa da zai gyara mini ita. Abin da ke zuwa mini daga gida ɗaya ne: dakuwa a ƙunshin ganye, fatake ke kawowa, su ce in ji Gwaggo. Na ƙudura a raina cewa Gwaggo ce kaɗai ta san ina da rai.

Hutun farko da na koma, maƙwabta suka hana 'ya'yansu shan ruwa a ƙoƙon da na sha. Ana nuna ni ana cewa ga ɗan Nasara. Na durƙusa na gaida Inna, ta amsa tana kallon murhu. Na ɗauka ita ma ƙyamata take yi. Daga nan, in hutu ya zo sai in nemi a bar ni a makaranta in yi shara. Shekaru suka wuce haka.

Sai dakuwa ta daina zuwa. Ba a gaya mini dalili ba sai da zango ya ƙare, malami ya kira ni ya ce mahaifiyata ta rasu tun farkon damina, an ga bai kamata a katse mini karatu ba.

Na iske Gwaggo a tsakar gidanmu. Na yi mata godiyar dakuwar da ta yi ta aiko mini. Ta dube ni.

"Ni? Yaushe na iya dakuwa? Uwarka ce, ɗan nan. Da sunana take aikawa, don kada a ce ba ta da kunya."

Ta ja ni bayan rumbu, ta nuna mini wani turmi a kife, ya tsage daga baki har gindi.

"Ran da anka tafi da kai, geron nan ya zama gari ba ta daina ba. Da ƙyar munka ƙwace taɓaryar, hannunta duk jini. Ta ce in ta tsaya, ihu za ta yi, ga surukai a gida. Duk hutu tana share ɗakinka, kai kuma ba ka zo ba."

Na tambaye ta ko Inna ta kira sunana, ko da a ƙarshe.

"A'a," in ji Gwaggo. "Cewa ta yi, in wancan na Sakkwato ya taho, a ba shi fura."

Yanzu na tsufa. Har yau in na ji ƙararrawa sai in ga na miƙe tsaye ban sani ba. Ɗana na fari kuwa, ina kiran sunansa da ƙarfi a gaban kowa, tsofaffi suna cewa boko ya cire mini kunya. Turmin yana ɗakina. In mata suka fara daka da hantsi, nakan ɗauki sandata in fita gona.