Gasayar da Na Ƙona

Ba na jin zan taɓa manta ranar da aka aiko cewa babban jami'i zai zo daga Kaduna ya duba aikinmu. Ku da aka kawo wannan aiki kwanan nan, ku ji wannan tun kafin a miƙa muku ashana, don ni har yanzu in na ga gasaya a kasuwa sai gabana ya faɗi.

Daminar bara ce. Ban daɗe da gama sakandare ba aka ɗauke ni aiki a teburin duba iri da tsirrai na kan iyakar Jibiya. Ina cikin lokacin gwaji, wato kuskure ɗaya ya isa a sallame ni. Ƙa'idar ita ce, duk irin shukar da ya shigo daga Nijar ba takarda, a karɓe a ƙone shi ƙurmus a ramin bayan ofis, kada ya kawo cuta. Kuɗin man fetur da ya shigo ƙasa ya sa manyan motoci na ta wucewa ta gabanmu, mu kuwa muna nan muna kwance ƙullin tsofaffi.

Haka na kama kwano guda na irin gasaya mai faɗin ganye a kayan Inna Hassu, wata mai sayar da kwaɗo da ke zuwa daga Maraɗi duk ranar kasuwa. Ta roƙe ni, na ƙi. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ƙona shi, ɗiyata. Amma gasaya ba ta san gwamnati ba."

Shugabanmu Malam Isa ya ɗebi tafi guda, wai don bincike. Kowa ya san binciken: an umarci ma'aikata su yi lambu a gida, uwargidansa kuma tana son gasaya. Ya binne irin da zurfi kamar gyaɗa, ya zuba takin zamani, yana ban ruwa safe da yamma. Ko tsiro ɗaya bai gani ba. Kullum sai ya zo ofis yana kushe irin Nijar.

Ni kuwa na watsa ragowar a kan tokar ramin, na ɗora kara, na kunna. Hadari ya taso, na ruga ciki. Ashe wutar sama-sama ta ci, ruwa ya kashe ta.

Sai ranar da saƙon ya zo na zagaya in share wurin. Ramin ya cika maƙil da gasaya kore shar, mai faɗin ganyen da babu irinsa a Jibiya. Abin da na shaida cewa na ƙona, ga shi yana kaɗawa a iska, kuma da ramin ake fara dubawa.

A nan Inna Hassu ta same ni ina kuka, don ranar kasuwa ce. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ɗaure zane ta taya ni tuɓewa. Na roƙe ta ta zubar can nesa, ta ce ita ba ta zubar da abinci. Na cika ramin da kara, na tsaya a kansa har ya zama toka.

Washegari jami'in ya iso cikin sabuwar fijo. Ya leƙa ramin, ya yaba. Na fara numfashi ke nan sai ga abincin rana, wanda Malam Isa ya sa a kawo daga wajen Inna Hassu, wadda ta kwana a garin. Ta buɗe akushi: kwaɗon gasaya, ya sha ƙuli-ƙuli. Baƙon ya ci, ya ƙara, ya ɗaga wani ganye ya ce bai taɓa ganin mai faɗi haka ba, a ina aka noma ta?

Inna Hassu ta dube ni. "Yallaɓai, ɗiyar nan taku ta shuka ta. Hannunta na da albarka."

Baƙon ya tambaye ni dabarar, don tasa ma ta ƙi fitowa. Ƙarya ta ƙi zo mini, sai gaskiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a binne ta. A kan toka ake watsawa, rana ta gan ta, ruwa ya taɓa ta."

Ya ce irin ma'aikatan da ake nema ke nan, a tabbatar da ni a aiki. Malam Isa ya ƙware da ruwa, don shi ya gane tokar.

Da baƙon ya tafi Malam Isa ya kira ni. Na shiga, na tabbata kora ce. Sai ya rage murya ya ce, "Rakiya, tokar nan, ta kara ce ko ta itace?"

Abin da na koya shi ne, in kun kunna wuta ku tsaya har ta cinye. Kuma ku karɓi kayan mutane da ladabi, don wadda kuka ƙwace wa, ita za ta dafa wa baƙonku abinci. Inna Hassu na nan, duk kasuwa sai ta tsaya a teburina ta tambaye ni ko akwai wani irin da zan ƙona mata.