Girkanci a Takardar Ƙosai

Shekara shida na yi ina buga takardu a wani shagon kwamfuta a Funtuwa. Na buga katin biki, na buga takardar neman aiki, na buga aikin ɗalibai wanda su kansu ba su karanta ba. Amma ban taɓa sa hannu a Girkanci ba sai ranar da wani tsoho ya shigo yana laluben ƙofa da sanda, da ƙaton ambulan a hammata.

Fasto ne da ya yi ritaya, daga wani ƙauye bayan Malumfashi. Mahaifinsa Bamaguje ne, a kan addinin kakanni ya rasu. Shi kuwa ya yi karatun addinin Kirista, a wajen karatun ne ya koyi Girkanci, domin da shi aka fara rubuta wani sashe na littafin addininsu. Abin da ke cikin ambulan ɗin aikinsa ne na shekaru: ya ɗauko aya da Girkanci, ya sa Turancinta, sannan ya warware ta da Hausa irin wadda manomi zai gane. Babi huɗu, duk da hannu ya rubuta a fallayen takarda tun idonsa na gani. Yanzu idon ya tafi, sai inuwa-inuwa.

"Ɗiyata," ya ce, "shago uku na je, kowa ya ce ba ya iyawa. Kuma wannan ita ke nan, ba ni da wata."

Na ce, "Baba, mu yi fotokwafi mu ajiye mana." Injin shagon ya lalace a lokacin, shi kuma bai yarda ambulan ɗin ya fita zuwa wani shago ba. Na ce to, idan an gyara. Har gobe ina cizon yatsa a kan wannan "idan an gyara".

Aikin ya ba ni wuya ba kaɗan ba. Nau'in haruffan da ke da ƙ da ɗ da ɓ namu ba shi da Girkanci, wanda ke da Girkanci kuma sai ya mayar da ƙ ɗinmu ɗan akwati. Na haɗa nau'i biyu a shafi ɗaya, sai layuka suka riƙa tsalle, wani ya matse wani ya buɗe. Ga ƙananan alamomi a kan haruffa, wata ta karkata dama, wata hagu, wata ta lanƙwashe kamar lauje. Akwai harafin da yake sauya kama idan ya zo ƙarshen kalma. Ni ba karantawa nake ba, kwaikwayon siffa nake, ina duba allon haruffa ina tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Duk ranar Litinin Baba zai hau mota ya zo, in fitar masa da shafi da manyan haruffa, ya kai shi dab da hancinsa, ya ce, "Wannan ƙahon ya juya baya, ɗiyata." Sai in gyara. A haka muka gama babi uku, na soma jin kaina wata ce.

Sai yayata ta haihu a Dandume, na tafi suna na kwana uku. Na bar ambulan ɗin a kan kantar da ke bayan kujerata, inda nake ajiye duk aikin da ke hannu.

Da na dawo da safe, na tarar da shago fes. An share, an goge, ga sabon injin fotokwafi a kusurwa. Kanta kuwa wayam.

"Alhaji, ina takardun da ke nan?"

Mai shagon yana shafa sabon injinsa, ko juyowa bai yi ba. "Na rage tarkace, Malama. Wuri muke nema."

A nan garin kowa ya san yadda ake rage takarda. Ba a zubar da ita haka kawai, sai an tsince. Duk wadda ke da rubutun Larabci a ware ta, a ƙone ta a wuri mai tsabta, kada a taka sunan Allah. Sauran, boko da Turanci, a ba masu ƙosai da masu tsire su yi ƙunshi. Da wannan tarbiyya na tashi, kuma ban taɓa ganin aibinta ba. Alhaji da kansa ya zauna ya yi tsintar, falle bayan falle, don mutum ne mai tsoron Allah. Ya nuna mini buhun da ya ware da alfahari.

Na zazzage buhun a ƙasa. Akwai katin walimar saukar karatu, akwai kalandar bara. Akwai kuma littafin bayanin sabon injin nan, domin an fassara shi da Larabci a shafukan baya. Wato yadda ake zuba wa inji tawada ya samu mutunci, aikin Baba bai samu ba.

"Ina ambulan ɗin Fasto?"

"Wanda ke da zane-zanen nan kamar lissafi? Na zaci kin gama da shi. Na duba sosai, babu sunan Allah a ciki."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, babu shafin da babu sunan Allah a ciki! Da Hausa ya rubuta, baƙi a kan fari. Kai siffar rubutu ka duba, ba ka karanta ba."

Ya ce in sassauta murya, akwai mutane. Ban sassauta ba. Tunda nake ban taɓa ɗaga wa babba murya haka ba, kuma ban yi nadama ba. Ko a ce babu sunan kowa a ciki, amanar mutum ce aka kawo shagonsa. Waya yake da ita, ni ma ina da ita, kiran minti ɗaya ya isa.

Na tsallaka titi wajen mai ƙosan da Alhaji yake ba takarda. Tana tsakiyar suya, mutane sun kewaye ta, a gefenta ga fallayen Baba an yayyage su gida biyu, an danne da dutse.

"Inna, don Allah tsaya! Takardun nan na mutum ne."

"Yo ni ina na sani, 'yar nan? Alhaji ya aiko mini shekaranjiya. Ai sun yi auki, har mai koko na sam ma wa."

Ba ta da laifi, ita ma na sani, amma sai da na fizge na hannunta. Na karɓi na hannun wani mai babur da ƙosansa a ciki, ya bi ni da kallo kamar mahaukaciya. Na bi kwata da bakin tasha ina tsintar takarda mai maiƙo. Abin da na haɗa na babi na huɗu bai kai rabi ba, shi ma mai ya ratsa shi har tawadar ta narke. Ayoyin Girkancin ana iya samo su a wani littafi. Bayanin Baba ne ba ya ko'ina, kuma da littattafan da ba zai sake iya karantawa ba ya haɗa shi.

Alhaji ya ce zai buga babi ukun kyauta, har da bango mai kyau. Na ce ya gaya wa Baba abin da ya faru da bakinsa. Ranar Litinin sai ga shi wai yana da ɗaurin aure a Matazu.

Baba ya zo da hantsi, ya zauna, ya jingine sandarsa, ya ce yau sai babi na huɗu. Na durƙusa a gabansa na gaya masa komai, ban rage ba, har da buhun da aka ware. Na sa masa guntayen a hannu. Ya shafa su, ya kai ɗaya kusa da fuskarsa kamar yadda ya saba, ya daɗe a haka. Na so ya yi faɗa, ya zage mu, ya ce zai kai mu ƙara. Da ya yi, da na samu sauƙi.

"Ɗiyata," ya ce, "da a ce da Larabci na rubuta, da an ajiye mani?"

Na nemi abin da zan faɗa wanda ba ƙarya ba ne, kuma ba zai ƙara masa ciwo ba. Ban samu ba.

"Da an ajiye, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya jera guntayen a kan gwiwarsa, ya daidaita bakinsu da yatsu, ya ce in ba shi leda, kada man ya ɓata masa riga.