An Goge Muryar Baban Sanusi a Gabana

Jama'a, yau gardamar kwamfuta ta jawo wa mutum asarar da ba ta da gyara, a kan idona!

Na raka Sanusi, ɗan ajinmu, shagon buga takardu na Lawal da ke kusa da tashar Maraɗi a Katsina. Gobe yana da zama a kotun shari'a kan gonarsu ta Mazanya. Hujjarsa ɗaya ce, muryar marigayi babansa yana faɗin iyakar gonar. A filas kaɗai take, don tun watan jiya aka sace kwamfutarsa Apple mai tambarin tuffa. So yake a juye masa ita a faifai.

Lawal na ganin sitikar tuffa a jikin filas ɗin ya fara: "A'a, 'yan gayu! Yau kuma kwamfutar talakawa ake nema?"

Sanusi ya ce, "Wannan akwalar taka mai ƙwayoyin cuta za ta ma iya buɗe shi?"

"Ko ta ƙi ko ta so!"

Ya soka filas. Saƙo ya fito. Na karanta shi tsaf: kwamfutar ba ta gane filas ɗin ba, tana tambaya ko a wanke shi, wato a share duk abin da ke cikinsa. Na ce, "Malam Lawal, dakata." Hayaniyarsu ta danne muryata. Ya danna, ya sake dannawa!

"Ga shi ya buɗe! Ina bakin?"

Fayau! Babu komai a ciki.

Innalillahi! Sanusi ya sulale ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Lawal, bar ta gonar. Muryar tasa fa? Ita kaɗai ta rage mini."